Walder Frey, Sarkin Fito: Dattijon Da Maroƙa Suka Manta

Duk wanda ya karanta littattafan George R. R. Martin, marubucin nan ɗan Amurka, ko ya kalli fim ɗin Game of Thrones da tashar HBO ta yi a kansu daga 2011 zuwa 2019, yana da gwaninsa. Wasu Jon Snow suke wa kirari, wasu Daenerys mai dodanni, masu son kaifin baki kuma suna bayan Tyrion. Amma akwai wani dattijo da aka bari a gefe, ba a ambatonsa sai da tsaki, alhali in ana maganar tara iyali da sanin ciwon kai, babu na biyunsa a duk faɗin Westeros, ƙasar da labarin ya gudana a cikinta. Ina nufin Walder Frey, Sarkin Fito, mai gidan Tagwaye, angon mata takwas. Tunda maroƙa sun yi gum, bari mu ɗauki gangar da kanmu.

A fara da asali, don ba a yabon mutum a tsallake kakanninsa. Gidan Frey bai wuce shekara 600 ba, abin da a Westeros ake ɗauka kamar jiya, domin irin su Stark da Lannister dubbai suke lissafawa. Waɗancan gidaje da takobi suka yi suna, wato da wahala da zubar da jinin kansu. Kakan su Walder ya fi su basira. Ya duba ya ga wani reshe na kogin Trident, wanda ake kira Koren Reshe, ba shi da mashigi sai an yi tafiya mai nisa. Sai ya fara gada. Daga shi har jikokinsa suna kan aikin kafin a gama, aka kafa ganuwa a wannan gaɓa, aka kafa irinta a waccan, su ne Tagwayen, aka dasa hasumiya a tsakiyar ruwa. Abin da ya rage sai zama. Mai jaki ya biya kuɗin fito, mai runduna ya biya, mai gudun ceton rai shi ya fi kowa biya. Tsofaffin gidaje suna raina su, wai masu karɓar kuɗin hanya ne da suka samu wuri. Hassada ce tsagwaronta. Wane gida ne a cikinsu ya taɓa yin arziki da buƙatar maƙwabci kawai, ba tare da ya ba shi komai ba sai izinin wucewa?

Alamun girma tun yana ƙarami suka bayyana a jikin Walder. A gajeren labarin The Mystery Knight, wanda ya fito a 2010, mun gan shi yana ɗan shekara huɗu, majina a hanci, a wajen bikin yayarsa da mai gidan Butterwell a Whitewalls. Tsegumin da ke yawo a wajen bikin shi ne wannan ɗan tatsitsin ne ya kama yayar tasa da wani yaron kicin, ya kwarma ihu, aka yi maza aka aurar da ita kafin magana ta yi nisa. Ka ji kishin gida tun ba a daɗe da yaye ba. Bikin nan kuwa rufa-rufa ne, tawaye aka taru a ƙulla a ƙarƙashinsa. Uban Walder yana ciki, amma da ya shinshina ya ji abin ba zai kai labari ba, sai ya sulale. Da gari ya waye aka gan shi a gefen waɗanda suka zo murƙushe tawayen, ya koma gida ko ƙwarzane babu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bikin farko da muka san ya halarta, yaro ya koyi cewa taron aure wuri ne na ƙulla makirci, ya kuma koyi cewa mai hankali ba ya zaɓar gefe sai ya ga inda rinjaye ya faɗa. Jarumin labarin, Dunk, da dariyar yaron ta ishe shi, har ya raya a ransa ya jefa shi rijiya. Allah ya tsare, da an yi wa Westeros babbar asara.

Darasi na biyu ya yi masa rana a shekara ta 283 ta lissafinsu, lokacin da Robert Baratheon ya tayar wa gidan Targaryen. Hoster Tully na Riverrun, wanda Walder ya yi wa caffa, ya aika wa hakimansa kowa ya fito da mayaƙansa. Walder ya amsa kira, ba wanda zai ce bai amsa ba. Ya dai iso bakin Trident bayan an gama, an kashe Yarima Rhaegar na gidan Targaryen, ƙura ta lafa. Ya rantse cewa gefen waɗanda suka ci nasara ya zo taya wa, kuma wa zai ƙaryata shi? Da ɗaya gefen ne ya ci, rantsuwar ba za ta canja ko harafi ɗaya ba. Maimakon a gode masa da ya dawo wa mata da mazajensu lafiya lau, sai Hoster ya laƙaba masa sunan mai makara, sunan ya bi shi. Dattijo mai haƙuri ne, bai ce uffan ba. Ya dai ajiye abin a ransa shekara goma sha shida, tare da sauran ajiye-ajiyensa: Hoster bai zo bikinsa ba, Hoster ya ƙi haɗa ɗansa Edmure da 'yar gidan Frey, Jon Arryn ya ƙi karɓar jikokinsa riƙo. Wani tsohon yana manta inda ya ajiye sandarsa. Wannan ko harara aka yi masa shekara talatin da suka wuce, yana iya gaya maka ranar.

Amma babban aikin rayuwarsa a ɗaki ya yi shi. Lokacin da muka fara haɗuwa da shi a A Game of Thrones, littafin 1996, yana da shekara 90, ciwon gaɓoɓi ya hana shi tsayuwa, sai an ɗauko shi a kujera, marubucin kuma ya ce fuskarsa irin ta dangin bodari ce, kamannin da ya raba wa zuri'arsa ba rowa. A gefensa ga amarya ta takwas, Joyeuse Erenford, 'yar shekara 16. Kafin ita ya binne bakwai: Perra Royce, Cyrenna Swann, Amarei Crakehall, Alyssa Blackwood, Sarya Whent, Bethany Rosby da Annara Farring. Duba sunayen gidajen nan da kyau. Daga duwatsun gabas zuwa ƙasar Lannister a yamma, da wuya ka samu yankin da bai aiko da 'yarsa Tagwaye ba, kuma ba wadda ta koma. Ranar da Catelyn Stark, 'yar Hoster Tully, ta shiga zaurensa, 'ya'yansa maza masu rai 21 ne, jikoki maza 36, tattaɓa-kunne maza 19. Mata da waɗanda aka haifa a waje ba su shiga lissafi ba, an dai ce suna da yawa. Hoster Tully ya taɓa yi masa ba'a cewa shi kaɗai ne hakimin da zai iya haɗa runduna da abin da ya haifa. Ya zaci zagi ya yi. Hoster kansa ɗa namiji guda ya bari, kuma za mu ga inda ɗan ya kwana.

A gida irin wannan, ƙauna ba ta ɓoyuwa. Saboda tsananin son tsoho, kowane ɗa ya haihu sai ya sa wa jaririn Walder, in mace ce Walda, ko Allah zai sa a tuna da shi ranar rabon gado. Sunan ya yi yawa har sai da laƙabi: ga Baƙin Walder, ga Walder Rivers ɗan waje, ga Walder Babba wanda ɗan firit ne, ga Walder Ƙarami wanda ƙato ne. Shi kuwa mai sunan ya yi musu adalci, ba ya tuna sunan kowa. Magajinsa, Stevron, ya haura shekara 60 yana jiran gado, har shi ma ya yi jikoki, uban yana yi masa gori a gaban baƙi cewa mutuwarsa yake jira. Stevron bai gaji ba. Ya samu rauni a yaƙin Oxcross yana yi wa Robb Stark yaƙi, ya mutu a tantinsa. Da labari ya isa Winterfell, inda Walder Babba da Walder Ƙarami suke zaman riƙo, yaran nan ba su ɓata lokaci da kuka ba. Nan take suka hau lissafin wa ke bin wa a layin gado yanzu, har sai da malamin gidan ya tsawata musu. Yara 'yan shekara takwas! A wane gida kuma ake koyar da ilimin nasaba da wuri haka?

Tarbiyyar ba a nan ta tsaya ba. Yaran gidan Frey suna da wasansu na gado, wanda suka koya wa yaran Winterfell. A gitta gungume a kan ruwa, yaro ɗaya ya tsaya a tsakiya da sanda, shi ne Sarkin Fito. Mai son wucewa sai ya yi bayani, ya yi rantsuwa, rantsuwar kuma tana kama shi, sai fa in ya saƙa kalmar "wataƙila" a cikin zancensa ba a lura ba. In ya yi haka, ya halatta ya tunkuɗa sarkin cikin ruwa. Wasu iyaye suna can suna wahalar da 'ya'yansu da cewa alkawari kaya ne. Walder ya sauƙaƙa wa nasa, tun suna wasan ƙasa sun san inda ake huda alkawari ya tsiyaye.

'Ya'ya mata ma bai bar su a baya ba, ya san darajarsu har da ma'auni. Da Roose Bolton ya zo neman aure, Walder ya ce ya zaɓa, zai ba shi azurfa daidai nauyin amarya a matsayin gara. Roose, wanda shi ma ba ya wasa da lissafi, ya zaɓi wadda ta fi kowa ƙiba, Walda Lukuta. Suruki da suruki suka fahimci juna tun daga ranar, fahimtar da ta haifi abin da ta haifa.

Sai ga yaƙi ya sake tashi. Jaime Lannister ya yi wa Riverrun ƙawanya, Edmure yana hannu, Hoster yana kwance rai a hannun Allah. Walder ya tara mayaƙa kusan 4,000, ya zaunar da su a cikin ganuwa, yana nan yana shirin tafiya kamar yadda ya saba. Robb Stark, ɗan Catelyn kuma jikan Hoster, ya gangaro daga arewa zai kai ɗauki, ba hanya sai gada. Ƙaramin mutum da ya buɗe ƙofa kyauta, wai don ya yi rantsuwar biyayya. Walder ya san rantsuwa daban, kuɗin fito daban. Catelyn ta shiga ita kaɗai, suka yini suna ciniki, ta fito da farashi: jikokinsa biyu za su tafi riƙo Winterfell, ɗansa Olyvar zai zama mai riƙe wa Robb makamai, ƙanwar Robb, Arya, za ta auri ɗansa Elmar, shi kuma Robb in an gama yaƙi zai zaɓi ɗaya daga 'yan matan gidan. Wato sai da aka biya shi da aure biyu kafin ya yarda ya je ceton ubangidansa. Da aka naɗa Robb sarkin Arewa, cinikin ya ƙara kyau, sarauniya za ta fito daga gidan masu karɓar kuɗin hanya.

A nan dole a faɗi gaskiya, an cuci dattijo. Robb ya ji rauni a yamma, wata yarinya mai suna Jeyne Westerling ta yi jinyarsa, abin da ya faru ya faru, washegari ya aure ta don ya rufa mata asiri. Ya karya alkawari, bayan gidan Frey sun ba da jininsu har da magajinsu. Duk wani hakimi zai fusata. Wani zai janye mayaƙansa ya rufe gada. Wani zai fito fili ya koma wa Lannister, a haɗu a fagen fama. Waɗannan hanyoyi ne na masu gajeren tunani, kuma duk akwai haɗari a cikinsu, mutum yana iya jin ciwo. Walder ya zaɓi sulhu. Ya aika da ɗansa Lothar Gurgu, sarkin gidansa, mutum mai fara'a da daɗin baki, ya ce komai ya wuce, Edmure ya auri 'yarsa Roslin, Robb kuma ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Ina ka taɓa jin sauƙin kai irin wannan?

A Westeros akwai wata doka da ta girmi sarauta: in baƙo ya ci gurasarka da gishirinka a ƙarƙashin rufinka, jininsa ya haramta gare ka, naka ya haramta gare shi, har ya tafi. Da ita ake iya zaman sulhu tsakanin maƙiya, da ita matafiyi ke iya runtsawa a gidan da bai sani ba. Catelyn, da yake uwa ce, tun a hanya take nanata wa ɗanta ya nemi abinci da zarar sun sauka. Suka nema. Walder bai yi musu rowa ba, ya sa aka kawo gurasa da cuku da gishiri da ruwan inabi, ya yi musu maraba da bakinsa. Hankalin Catelyn ya kwanta. Dubi tausayi: bai so baƙinsa su yi daren ƙarshe cikin fargaba ba.

Bikin kansa darasi ne a kan tattali. Miya tsararo, nama mai jijiya, daskararriyar ƙwaƙwalwar maraƙi. Me za a yi da ɓarnar abinci mai kyau a cikin da ba zai kai safe ba? Giya kuwa aka sake ta kamar kogi, aka kafa manyan rumfuna uku a waje don mayaƙan Robb, waɗanda suka kai 3,500. Makaɗa suka cika baranda suna ta rugugin da ba daɗi, baƙi suna mita, ba su san bayin Allah ba su taɓa koyon kiɗa ba, maharba ne aka ba su ganguna. An kuma kula da masu raunin zuciya a cikin gida. Olyvar da Perwyn, waɗanda suka shaƙu da Robb, an aike su wani wuri. Amarya Roslin tana ta kuka, kowa ya ce kunya ce. Da aka ɗauki ango da amarya zuwa ɗaki, makaɗa suka juya zuwa taken gidan Lannister, suka ajiye ganguna suka ɗauki bakuna. A waje aka sake igiyoyin rumfuna a kan mutanen da giya ta gama da su, aka cinna wuta. Cikin mutanen Robb, Wendel Manderly kibiya ta shiga masa ta baki. Dacey Mormont, wadda ɗazu take rawa, gatari ta samu a ciki. Tsoho yana bisa kujerarsa ta baƙin katako, wadda aka sassaƙa da siffar hasumiya biyu da gada, yana kallo kamar ba zai ƙifta ba. Mai shekara casa'in da ɗoriya, ko wuƙar yanka nama bai ɗaga ba, ya gama da sarkin da ba a taɓa kora a fagen yaƙi ba.

Wurin da na fi jinjina masa shi ne wajen jikansa Aegon, ɗan Stevron, mutum mai kusan shekara 50 da hankalin yara, wanda aka sa wa hula mai ƙararrawa yana ba mutane dariya. Catelyn, da kibiya a bayanta, ta cafke shi ta ɗora masa wuƙa a wuya, ta roƙi a bar ɗanta ya fita ta saki wannan. Wani kakan da zuciyarsa ta karye. Walder ya gyara mata lissafi a natse, ya nuna mata jika ne ta riƙe, kuma ba wani amfani yake yi ba. Roose Bolton ya soke Robb a zuciya, Catelyn ta yanka Aegon, Raymund Frey ya yanka ta. Amfanin tara iyali ke nan, in an ɗauke ɗaya ba a ganin gurbi. Daga nan aka yi wa baƙi sallama ta girmamawa. Aka sare kan Robb aka ɗinka na kyarkecinsa a wurin. Ita kuma Catelyn, da yake al'adar gidan Tully ce a sa mamaci a kogi, aka tuɓe gawarta aka jefa a ruwa. Ko a nan bai manta da al'adar surukai ba.

Masu cewa abin ya wuce hankali su sani Martin bai ƙago shi daga iska ba. Ya faɗa da bakinsa cewa daga tarihin Sikotlan ya ɗauko: liyafar 1440 a fadar Edinburgh, inda aka gayyaci saurayin shugaban gidan Douglas da ƙanensa cin abinci aka kashe su, da kisan Glencoe na 1692, inda sojoji suka kwana kusan mako biyu a gidajen MacDonald suna cin abincinsu, sannan suka tashi da asuba suka far musu. Ya kuma ce babin ya yi masa nauyi har sai da ya tsallake shi, ya gama A Storm of Swords na 2000, sannan ya dawo ya rubuta. Wanda ya ƙagi labarin hannunsa ya yi rawa, wanda ya shirya bikin ko gezau.

To, sai sakamako. Tywin Lannister, wanda ya ba da tabbacin kariya ta wasiƙa ba tare da ya taka ƙafarsa Tagwaye ba, ya cika alkawari. Aka ba Emmon, ɗan Walder na biyu, Riverrun. Aka aurar da jikarsa Amerei ga Lancel Lannister, aka haɗa musu da Darry. Sai dai akwai 'yan ƙananan abubuwa da ba su kai a dame dattijo da su ba. Shugabancin ƙasar koguna, wanda gidan Tully ke riƙe da shi, ba a ba Frey ba, Petyr Baelish aka ba, mutumin da asalinsa bai kai na masu gada ba. Emmon yana ta yawo da takardar mallaka yana kaɗa ta a fuskar mutane, matarsa Genna Lannister tana yi masa tsawa a gaban jama'a. Lancel ya bar amaryar ya shiga rundunar masu addini. Tywin ya tabbatar duniya ta san jinin a hannun wa yake. A fadar King's Landing kuwa, majalisar Cersei, 'yar Tywin, har ta fara shawarar cewa in tsoho ya mutu, sai a samu 'yan Frey kaɗan a ɗora musu laifin a hukunta, don talakawa su yi shiru. Mutumin da ya yi shekara 90 yana neman manyan gidaje su daina raina shi, yau abokan cinikinsa ma ba sa son a gan su tare. Da can mai makara kawai ake ce masa. Yanzu kam ya yi suna, daga Dorne har Bango ba wanda bai san shi ba.

Zuri'a kuma ta fara cin gadon sunan tun mai shi yana raye, abin da ba kowane uba ke yi wa 'ya'yansa ba. Gawar da aka jefa a kogi ba ta zauna a mace ba. Bayan kwana uku Beric Dondarrion, shugaban wasu 'yan fashin daji, ya ba ta ransa, ta tashi da yankakken maƙogwaro, tana yawo da 'yan fashin dajin da igiya. Suka kama Petyr Mai Ƙuraje, tattaɓa-kunnen Walder. Aka aiki Merrett, ɗa na tara, da zinariya 100 ya fanso shi a Oldstones, ya tarar an riga an rataye shi, aka karɓi kuɗin, aka rataye shi shi ma. Merrett ɗin nan, aikin da aka ba shi ranar biki shi ne ya bugar da Greatjon Umber, ɗaya daga mutanen Robb, da giya, ko shi bai iya ba, sai da mutum takwas suka taru a kan Greatjon, ya cije wa ɗaya kunne. A hanyarsa ta zuwa mutuwa yana tunanin cewa tsohon, duk da mugun bakinsa, ba ya korar jininsa, ko wanda ba ya so yana da tuwo a gidan, amma ranar da ya rufe ido kowa tasa ta fisshe shi. Ya san gidansu. Ryman, wanda ya gaji matsayin Stevron, ya tafi sabuwar ƙawanyar da aka yi wa Riverrun bayan bikin ya ɓuge da shaye-shaye, kullum ya tsayar da Edmure, wanda aka tsare tun daren bikinsa, a gindin igiya yana barazanar da ba ya cikawa, har Jaime ya kore shi, aka rataye shi a hanyar gida. Ɗansa Edwyn da ya ji labari, ɗan'uwansa Baƙin Walder ya fara zargi. Martin yana da al'adar sa sunan mamaci a cikin baka biyu a jerin nasabar da ke ƙarshen kowane littafi. Ka buɗe shafukan gidan Frey daga littafi zuwa littafi ka ga yadda bakunan ke ƙaruwa.

Sai ka zo kan Wyman Manderly na White Harbor, uban Wendel, wanda ya nuna rashin wayewa ƙarara. An aika masa da Frey uku, Rhaegar da Jared da Symond, su kai masa ƙasusuwan ɗansa, su kuma bayyana masa abin da ya faru. Jared ya tsaya a gaban fada ya ce Robb ne ya rikiɗa ya zama kyarkeci ya kashe mutane, su kare kansu suka yi. Manderly ya saurara, ya ciyar da su, bai taɓa ko gashin kansu ba muddin suna ƙarƙashin rufinsa. Da za su tafi ya ba kowannensu doki, kyautar sallama, wadda a al'adarsu ita ke nuna baƙunta ta ƙare. Daga nan ba a sake ganinsu ba. A bikin Ramsay Bolton, ɗan Roose, a Winterfell, cikin A Dance with Dragons na 2011, Manderly ya kawo manya-manyan gurasa uku masu cikin nama, ya yanka wa 'yan Frey da hannunsa, shi ma ya ci har da ƙari, sannan ya nemi a yi masa waƙar wani kuku na tatsuniyarsu, wanda ya ciyar da sarki naman ɗansa, alloli suka mayar da shi ɓera. A tatsuniyar, laifin da aka kama kukun da shi shi ne ya kashe baƙo a ƙarƙashin rufinsa. Dubi wahalar da Manderly ya sha, jira, da kyauta, da kiyaye ƙa'ida, kafin ya taɓa mutum uku. Walder ya gama da dubbai a dare ɗaya ba tare da ya ɗaura wa kansa wannan nauyi ba. Ba da jimawa ba aka tsinci gawar Walder Ƙarami a cikin ƙanƙara a Winterfell, ɗan'uwansa Walder Babba yana tsaye da jini a tufafinsa, ya matsa gaba da taki ɗaya a layin gado.

Masu fim ba su da haƙuri. A 2016 suka sa Arya Stark ta yanka tsohon, wanda David Bradley ya fito a matsayinsa, bayan ta ciyar da shi naman 'ya'yansa. Wannan gaggawa ce, kuma rashin ladabi ne ga mai furfura. A littafi yana nan da ransa, ya haura 90, yana bisa kujerarsa, ana kawo masa labarin 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya wanne ne a ciki. Littafi na shida, The Winds of Winter, bai fito ba har yanzu. Roƙona ga Martin shi ne, in ya tashi gamawa, kada ya bari kowa ya taɓa dattijon nan, ko da wuƙa ko da guba. A ƙara masa lafiya, a bar masa idonsa da kunnensa, a bar shi ya kai ɗari har ya wuce, sai an kawo masa labarin na ƙarshensu.